Jan Hasken da Gansakuka Ke Fitarwa da Lissafin da Ke Karanta Shi

A Moduganari, kamar sauran unguwannin Maiduguri, da wuya ka shiga gidan da ba ya ajiyar ruwa, ko a tanki, ko a duro, ko a jarkokin da mai moya ke turowa a kura. Duk mazubin da rana ke ratsawa, in ya kwana biyu ba a wanke shi ba, sai cikinsa ya yi kore shar, ya yi santsi. Gansakuka ke nan. Uwargida na kallonta a matsayin ƙazanta, kuma tana da gaskiya, don ba abin sha ba ce. Sai dai wannan koren abu yana wani aiki da ido ba ya kamawa: yana shan hasken rana, sannan ya mayar da ɗan kaɗan daga cikinsa waje, jawur. Yau fiye da shekara 90 masana ke auna wannan jan haske, kuma da taimakon lissafi suna gane lafiyar tsiro daga gare shi tun kafin ganye ya nuna alama.

Abin da ke sa gansakuka da ganye su yi kore shi ne wani sinadari mai suna kulorofil. Idan ya kama haske, ƙarfin da ya kama ɗayan hanya uku zai bi. Ko ya tafi aikin haɗa abinci, ko ya tashi a zafi, ko kuwa ya fito a matsayin jan haske mai tsawon zango kusan nanomita 685. Wannan na ukun bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, shi ya sa hasken rana ke danne shi. Amma tunda hanyoyin uku rabon abu ɗaya suke yi, da zarar aikin haɗa abinci ya sami cikas, sai jan hasken ya ƙaru.

Shi kuwa aikin haɗa abincin, farkonsa fasa ruwa ne. A cikin ƙwayar halittar akwai wata cibiya da ke amfani da ƙarfin haske ta ɓamɓaro elektiron daga ruwa, ta saki iskar oksijin da muke shaƙa. Elektiron ɗin ba ya tsayawa, miƙa shi ake yi daga wannan sinadari zuwa wancan har ya isa inda za a haɗa sukari da shi. Wanda ya taɓa tsayawa wurin zuba dakin ya ga irin wannan: leburori sun jeru a kan tsani, kwanon kankare na tafiya hannu zuwa hannu. In na sama ya yi jinkirin juyewa, na ƙasa da shi zai tsaya riƙe da kwano, haka har layin ya cushe. Mai ɗebowa ba shi da hannun da zai miƙa wa. A cikin gansakuka, lokacin da hannaye suka cika haka ne jan hasken ke tashi.

A 1931 wasu masana biyu a Jamus, Hans Kautsky da abokin aikinsa Hirsch, suka ajiye ganye cikin duhu, sannan suka haska shi farat ɗaya, suna kallo da idonsu ta gilashin da jan haske kaɗai ke ratsawa. Suka ga hasken ya yi sama cikin daƙiƙa guda, daga nan ya riƙa sauka a hankali na 'yan mintoci. A 1963 Louis Duysens da Sweers a ƙasar Holan suka bayyana dalili: akwai mai karɓar elektiron na farko, wanda suka sa wa harafin Q, in hannunsa wofi ne hasken ya yi ƙasa, in ya cika hasken ya hau. Da na'urori suka ƙara sauri, sai aka ga hawan ba miƙe yake ba, matakala gare shi. Reto Strasser da abokan aikinsa suka yaɗa sunayen da ake kiransu da su yau: O a farko, J bayan kashi 2 cikin 1,000 na daƙiƙa, I bayan kashi 30, sai P a ƙololuwa, duka kafin daƙiƙa ɗaya ta cika.

To ina lissafi ya shigo? Na'ura layi ɗaya take zanawa, mai hawa da sauka. Masu miƙa elektiron kuwa suna da yawa, kowa da saurinsa, kuma babu madubin da zai nuna maka su suna aiki a cikin rayayyar ƙwaya. Don haka sai a rubuta wa kowane mataki jimlar lissafi: yawan masu cikakken hannu yana ƙaruwa gwargwadon abin da ke shigo musu, yana raguwa gwargwadon abin da suka miƙa gaba. A haɗa jimlolin a ba kwamfuta, ta zana layin da ya kamata a gani in zaton ya yi daidai. Sai a ɗora shi a kan layin da na'ura ta auno. Inda suka saɓa, can ne zaton ya karkace, a koma a gyara.

Misalin da ya fi burge ni tsoho ne. A 1969 Pierre Joliot a Faransa ya riƙa haska gansakukar Kulorela da walƙiya gajeru, ɗaya bayan ɗaya, yana auna oksijin da ke fita bayan kowace. Ta farko ba ta ba da komai ba, ta biyu kusan haka, ta uku ta ba da mai yawa, sai kuma ta bakwai, sai ta goma sha ɗaya. Wato kowace ta huɗu. Amma da tafiya ta yi nisa sai bambancin ya riƙa dushewa. A 1970 Bessel Kok a Amurka ya warware shi da lissafin da bai fi ƙarfin ɗalibin jami'a ba: kowace cibiya tana da matsayi biyar, kowace walƙiya na tura ta gaba da taki ɗaya, sai ta tara huɗu take sakin oksijin ta koma baya. Dushewar kuwa, don wasu cibiyoyin walƙiya kan kuskure su, wasu kuma ta tura su taki biyu. Sai a 2011 masana a Japan suka fitar da cikakkiyar surar wurin, ƙwayoyin manganis huɗu da ta kalsiyam ɗaya. Lissafi ya riga ido da shekara arba'in.

Yanzu tsare-tsaren sun girma. A Jami'ar Mosko, rukunin Andrei Rubin da Galina Riznichenko sun daɗe suna gina masu jimloli da yawa a kan gansakuka. Amma kada a ɗauka magana ta ƙare. Har yau masana na jayayya a kan abin da ke haddasa hawan daga J zuwa P, kuma lissafi mai ƙusoshin juyawa da yawa, in ka matsa wannan ka sassauta wancan, zai iya dacewa da kowane layi. Dacewa da layi ba ita ce gaskiya ba. A ganina lissafin da ya cancanci a yarda da shi shi ne wanda ya faɗi abin da zai faru kafin a gwada, kamar na Kok.

Amfaninsa ga mutumin Borno ba nesa yake ba. Akwai adadi ɗaya da ake cirowa daga awon jan hasken, ana rubuta shi Fv/Fm, wanda a lafiyayyen ganye yakan kai 0.83, a koriyar gansakuka ya ɗan gaza haka. In tsiro ya shiga wahala adadin kan faɗi. Mai kiwon tarwaɗa da ruwan kududdufinsa ya yi kore ya san tashin hankalin asuba, ya tarar kifi sun taso suna haki a saman ruwa. Gansakukar da ke ba su oksijin da rana ita ke shanye shi da dare, in kuma ta mutu gaba ɗaya ruɓewarta ta ƙarasa sauran. Jan hasken na iya nuna ta fara galabaita tun ruwan bai sake launi ba. Maganin ciyawa irin atarazin, da manoman masara ke fesawa, yana toshe hanyar elektiron dab da Q, don haka gansakukar da ta sha ruwan da ya wanko shi sai haskenta ya yi tsalle tun a J. Zafi ma yana da tambarinsa: in ya lalata wurin fasa ruwa, wani sabon mataki da ake kira K yakan ɓullo kafin J. Garin da ma'aunin zafi ke haura 40 a watan Afrilu ba zai rasa abin yi da wannan ba.

Akwai kuma dihe. A ƙasar Kanem, gabashin Tafkin Chadi, matan Kanembu sun gaji tsame wani koren abu daga tafkunan kanwa, su zuba a ramin yashi ruwa ya tsane, rana ta busar da shi, su yanka gutsi-gutsi su kai kasuwa, a yi miya da shi. Pierre Dangeard ya yi bayaninsa a 1940, sannan wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya ci karo da shi a kasuwar Fort Lamy, Injamena ta yau, a tafiyar 1964 zuwa 1965. Shi ne sifirulina da ake sayarwa da tsada a Turai, wanda fiye da rabin busasshensa furotin ne. Ga inda gizo ke saƙa: sifirulina ba dangin Kulorela ba ne, yana da wani shuɗin sinadarin kama haske mai fitar da nasa ƙyallin, saboda haka adadin Fv/Fm ɗinsa ƙasa yake ko da lafiyarsa ƙalau. Wanda ya ɗauko lissafin ganyen alayyafo ya ɗora masa zai ce yana ciwo. Giuseppe Torzillo na Italiya da Avigad Vonshak na Isra'ila sun auna shi a tafkunan noma na fili, suka ga adadin na faɗuwa da tsakar rana, kuma sanyin safiya in ya haɗu da haske mai ƙarfi ya fi yi masa illa. Safiyar hunturu a Borno ke nan.

Yawancin alƙaluman da ke cikin waɗannan lissafai an auno su ne a ɗakunan gwaji masu sanyi, a kan gansakukar da aka rena cikin kwalba. Ruwan Alau, da na kogin Ngadda, da ruwan kanwa na Kanem, kowanne na bukatar nasa awon. Na'urar awon yanzu ta hannu ce, lissafin kuma ƙaramar kwamfuta na ɗauka. Jami'ar Maiduguri na da sashen lissafi da na nazarin halittu, ga Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a cikin gari. Kira na ga malaman waɗannan wurare shi ne su haɗa ɗalibin lissafi da na halittu a kan aikin kammala digiri guda, su tura su bakin ruwa da na'ura ɗaya, a auna a Afrilu, a sake aunawa a Janairu.