Baƙon da Ba Ya Kwana: Abin da Fim ɗin Kaboyin Japan Zai Koya wa Kannywood

A kakar da ta wuce na je gida, wani ƙauye da ke arewa da Dambatta, dare ya same ni a rumfar wani mai cajin waya. Bayan sallar isha'i matasa sun cika benci, janareta na ruri, ana kallon wani fim ɗin Indiya da aka juya zuwa Hausa. Tun jarumin bai buɗe baki ba, ɗan ƙanena mai shekara 12 ya raɗa mini yadda za a ƙare: baƙo ne, zai tarar da gari a hannun azzalumai, za a lakaɗa masa duka, zai farfaɗo ya gama da bos, sannan ya kama gabansa. Haka kuwa aka yi. Yaron bai taɓa shiga ajin adabi ba, amma ya haddace ƙa'idojin wani salon labari da ya girmi mahaifinsa.

Salon nan na kaboyi ne, wanda iyayenmu suka saba gani a silimun Kano tun daga Rex, da aka buɗe a 1937, zuwa Palace da sauransu. Amurka ce ta haife shi, amma bai zauna a gida ba. Akira Kurosawa na Japan, wanda ya yi karatun ta-natsu a kan finafinan kaboyi, ya fitar da Seven Samurai a 1954, Amurkawa suka mayar da shi The Magnificent Seven a 1960. Ya sake yin Yojimbo a 1961, Sergio Leone na Italiya ya kwafe shi a 1964 da sunan A Fistful of Dollars, har magana ta kai ga shari'a. Indiya ma ta ɗebi rabonta a Sholay na 1975, wanda har yau dattawanmu ke tuna Gabbar Singh a cikinsa. Wato kowa ya ara, kowa kuma an ara a wurinsa.

Wanda ya fi kowa fallasa wannan aron shi ne Takashi Miike, a fim ɗinsa Sukiyaki Western Django na 2007. Wani ɗan bindiga marar suna ya shigo garin da ƙungiyoyi biyu ke rikici a kan zinariyar da aka ce tana ɓoye: Heike masu jajayen kaya, da Genji masu farare. Sunayen ba na ƙirƙira ba ne. Gidaje biyu ne da suka gwabza yaƙin basasa a Japan daga 1180 zuwa 1185, labarin da kowane ɗan makaranta a ƙasar ya sani. Yawancin 'yan wasan Japanawa ne, amma da gangan aka sa su magana da Ingilishi mai nauyi a bakinsu. Fitowar farko an yi ta ne a gaban zanen dutsen Fuji da rana, zanen da ko yaro zai gane fenti ne. An ɗauko akwatin gawa mai ɓoye babbar bindiga daga Django na Italiya na 1966, aka kuma rufe da karon takobi da bindiga a cikin dusar ƙanƙara.

Miike bai ɓoye ɗinkin rigarsa ba, juya ta ya yi don kowa ya ga zaren. Yana ce wa mai kallo: na san ka san wannan labarin, zo mu duba abin da ke ƙarƙashinsa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Idan goggo ta ce “ga ta nan, ga ta nanku”, ta sanar da cewa ƙagagge ne, kuma sanin cewa Gizo zai yi wayo ya faɗa rami bai taɓa rage daɗin tatsuniya ba. Ƙa'ida alkawari ce tsakanin mai ba da labari da mai sauraro. Gwaninta tana cikin inda aka cika ta da inda aka saɓa mata da niyya.

Darasi na farko ga Kannywood ke nan. Tun daga Turmin Danya na 1990 muke jayayya a kan kwaikwayon Indiya, kamar dai aro shi ne laifin. Ba shi ba ne. Laifin shi ne mutum ya ari riga ya saka bai laluba aljihunta ba, domin kowace ƙa'idar labari tana ɗauke da hukunci a kan rayuwa. Ta kaboyi tana cewa: jama'a ragwaye ne, hukuma ta lalace, mafita tana hannun mutum guda mai bindiga.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu ganin haka. A 1966 Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga tafiya da tsarabar kayan kaboyi ga abokansa. Suka saka huluna, suka hau dawaki, suka ɗauki sunayen Turawa, sannan suka addabi ƙauyensu, wasa ya koma jini. Alassane ya ga abin da Hollywood ba ta cika nunawa ba: idan babu wani baƙon gari da za a shiga, garinku za ka harba.

A nan ne nake son mai karatu ya dubi ƙasarmu. Labarin kaboyi yana bukatar fili marar iyaka, inda jarumi zai zubar da jini ya ɓace kafin a yi jana'iza. A karkarar Bichi, Makoɗa, Kunci da Dambatta babu wannan fili. Gona na jingine da gona, iyakarsu ɗan layin gamba ne ko lalle, kowace kuka da ɗorawa tana da mai ita. Wanda kuka yi cacar baki da shi a kan burtali yau, shi ne zai kwana da shanunsa a gonarka bayan girbi ya bar maka taki, gobe kuma ku haɗu a kasuwa. A nan babu mai tafiya. Ko baƙon da ke cikin labarin asalinmu, Bayajidda, da ya kashe macijin rijiyar Kusugu a Daura, bai hau doki ya wuce ba. Aure ya yi, ya haihu, ya zama mai hakki a wuyansa.

Ba maganar nishaɗi kaɗai nake yi ba. A yanzu da ta'asar 'yan bindiga ta taɓa ƙauyukanmu na iyakar Katsina, yaron da ya kalli ɗaruruwan finafinan da ke ƙarewa da harbi ɗaya mai warware komai yana koyon wata fahimta game da ramuwa da jarumta. Ba na kira da a hana kallo. Hani bai taɓa kashe labari ba. Kira nake ga marubutanmu su ɗauki salon da idonsu biyu, kamar yadda Miike da Alassane suka yi. Ai kayan aikin duk muna da su: doki, rawani, ƙurar hunturu, rijiya, manomi da makiyayi, dagaci da arɗo. Abin da ya rage shi ne kada a naɗe kyamara bayan harbin. A bar ta ta ga washegari: zaman makoki, gonar da babu mai nome ta, marayu, da zaman sulhun da ba makawa sai an yi shi.

Miike ma, duk da barkwancinsa, ya bar mana alama. Wanda ya rage a fim ɗin yaro ne da mahaifinsa ɗan jajaye ne, mahaifiyarsa 'yar farare. Ɗan bindiga ya tafi, shi aka bari da kaburbura. Labarin wannan yaron shi ne namu, kuma shi nake fatan ɗan ƙanena ya kalla wata rana da harshensa, ya kasa faɗa mini ƙarshensa. Allah Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya.