Mota Ta Ƙi Tashi? A Duba Fitila Kafin a Sayi Batir

Direban da ya yi lodin albasa a Dandin Mahe zai kai Sakkwato, in mota ta ƙi tashi da asuba, kasuwa ta wuce shi. Wasu nan take sai su sayi sabon batir, alhali ba shi ne da laifi ba.

Ga yadda ake gane matsalar. A kunna fitilun gaba, sannan a murɗa makulli.

Na ɗaya: in fitilu sun dushe, kik yana juyawa da kyar, batir ya yi sanyi. Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne, kuma sanyin hunturu yana rage masa ƙarfi.

Na biyu: in babu haske ko kaɗan, a duba kan batir. Sau da yawa ya kwance ne, ko farin gari ya taru a kansa. A fara cire wayar da ke da alamar (-), a kankare, a ɗaure sosai.

Na uku: in fitilu suna haske sosai, amma sai ƙarar "ƙas" ake ji, a zargi kik ko wayarsa. Wannan aikin mai gyaran waya ne.

In batir yana yawan mutuwa, a auna janaretan da ke yi masa caji.

Hattara: kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10, kik zai ƙone. Kada a sha taba kusa da batir, yana iya fashewa.