Tsargiya: Me Ya Sa Wankan Kududdufi Da Tsakar Rana Ya Fi Haɗari?

Uwargida, lokacin da rana ta take, yara suka ruga kududdufi don su sha iska, shi ne lokacin da ruwan ya fi cika da tsutsar tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini.

Tsutsar tana girma ne a jikin wani ɗan ƙaramin dodon koɗi da ke maƙale da ciyawar bakin ruwa. Ana samunsa a kududdufai da magudanan noman rani, da madatsun ruwa irin su Tomas a yankin Ɗambatta, da Watari a Ɓagwai, da Wasai a Minjibir. Idan mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen sai su ƙyanƙyashe su shiga jikin dodon koɗin, su hayayyafa na tsawon mako 4 zuwa 6.

Daga nan hasken rana ke tsara fitowarsu. Da dare kaɗan ne ke fita. Da hantsi ya yi sai su fara ɓarkowa, sun fi yawa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana. Ido ba ya ganinsu, kuma ba sai an sha ruwan ba: ta fata suke shiga cikin 'yan mintoci.

To, me za ki yi? Ki hana yara shiga ruwan da tsakar rana. Idan wanki ko ɗiban ruwa ya zama dole, sassafe ya fi sauƙin haɗari, amma ba ya kawar da shi. Ruwan wanka kuwa, ki ajiye shi a rufe kwana 2, tsutsar ba ta wuce haka a wajen dodon koɗi, ko ki tafasa shi. Ki kuma koya musu kada su yi fitsari a ruwa.

Jini a ƙarshen fitsari ba alamar balaga ba ce, kamar yadda wasu ke ɗauka. A asibiti muna ganin yadda yake jawo ƙarancin jini da lalacewar mafitsara da ƙoda, a 'ya'ya mata kuma har matsalar haihuwa. Maganin, praziquantel, ana raba shi kyauta a makarantu lokaci zuwa lokaci. Idan an zo rabawa, ki tabbatar yaronki ya ci abinci kafin ya sha. Idan kin ga jini kuwa, kada ki jira rabon makaranta, ki kai shi asibiti a gwada fitsarinsa.