Ko Kun Sani? Kasuwar Kurmi da Gurasar Kano

Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499), har yau tana ci a tsakiyar birni, kuma nan ya dace baƙo ya nufa idan yana neman aikin dukanci, wato kayan fata irin su jaka da takalmi da ake ɗinkawa da hannu. Mai neman atamfa da shadda kuwa sai ya zarce Kantin Kwari. Sai dai bai kamata baƙo ya bar unguwar Jakara, maƙwabciyar Kurmi, bai ɗanɗani bandashe ba, wato gurasar da ake gasawa a tanderu, a yayyafa mata ruwan ɗumi ta yi laushi, a barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli da yaji, sannan a zuba man gyaɗa da yankakkiyar albasa.