Harajin kashe gobara a jihar Victoria: abin da ya kamata ka sani

A jihar Victoria ta ƙasar Ostareliya, idan wuta ta kama gidanka, 'yan kwana-kwana ba sa tambayar ko kana da kuɗi kafin su fito. To amma mota da mai da albashi duk kuɗi ne. Mafi yawansa yana fitowa daga wani haraji na musamman da aka ɗora wa masu gidaje da filaye.

Da can yaya ake tara kuɗin?

Ta hanyar inshora. Inshora yarjejeniya ce: kana biyan kamfani wani abu duk shekara, idan gidanka ya ƙone shi kuma ya biya ka diyya. Gwamnati takan karɓi kason kashe gobara daga kamfanonin, su kuma su ƙara shi a kan kuɗin da abokan cinikinsu ke biya.

Ka lura da inda gizo ke saƙar. Wanda ya yi wa gidansa inshora shi ke ɗaukar nauyin, maƙwabcinsa da bai yi ba kuwa ba ya ba da komai a wannan kaso, alhali mota ɗaya ce za ta zo musu. Bugu da ƙari, harajin ya sa inshorar ta yi tsada, wasu suka rage ta, wasu suka haƙura da ita gaba ɗaya.

Me ya kawo sauyi?

Masifa ce. Ranar Asabar, 7 ga Fabrairun 2009, gobarar daji ta cinye garuruwa da ƙauyuka a jihar. Mutum 173 suka rasu, gidaje fiye da 2,000 suka ƙone. Kwamitin binciken da aka kafa ya ba da shawara a 2010 cewa a cire harajin daga inshora a mayar da shi kan gidaje da filaye. Aka yi dokar a 2012, ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2013.

Nawa ake biya, kuma wa ke karɓa?

Ƙaramar hukuma ce ke karɓa, tare da harajin gida da aka saba biya mata, sannan ta miƙa wa gwamnatin jiha. Kuɗin kashi biyu ne. Na farko tsayayye ne: a shekarar farko dalar Ostareliya 100 ne ga gidan zama, 200 ga sauran wurare irin su shago da gona. Na biyu ya danganta da darajar wurin, wato kuɗin da fili da ginin da ke kansa za su yi idan an sa su a kasuwa. Gwargwadon tsadar wurinka, gwargwadon abin da za ka biya. An kuma yi wa 'yan fansho rangwamen dala 50.

Wataƙila ka ce, ɗan haya fa? Sunan mai gida ne ke kan takardar harajin, ko da yake babu abin da zai hana shi sa lissafin a cikin kuɗin haya.

Me ya fusata manoma a 2025?

Daga 1 ga Yulin 2025 an faɗaɗa harajin. Yanzu ba kashe gobara kaɗai yake ɗauka ba, har da masu ceto lokacin ambaliya da guguwa, da ofishin da ke amsa kiran gaggawa na lamba 000. Da aikin ya ƙaru, kuɗin ma ya ƙaru, kuma ƙarin da aka tsara wa gonaki ya fi zafi.

A ganina koken manoman abin saurare ne. Gona tana iya yin daraja mai yawa a takarda, mai ita kuwa aljihunsa babu komai, musamman a shekarar fari irin wadda ta addabi kudu maso yammacin jihar a lokacin. Sannan yawancin masu kashe gobara a karkara, ƙarƙashin hukumar CFA, 'yan sa-kai ne da ba su da albashi, kuma da yawansu manoman ne da kansu. Mutum ya bar gonarsa ya je ya fuskanci wuta kyauta, sannan a ƙara masa haraji a kan wannan aikin, dole ransa ya sosu.

A watan Mayun 2025, tun kafin sabon tsarin ya fara aiki, dubbansu suka shiga birnin Melbourne, wasu da motocin kwana-kwana, suka taru a gaban majalisar dokoki. Gwamnati ta dakatar da ƙarin da ta yi wa gonaki na wannan shekarar, kuma 'yan sa-kan da suka cika sharuɗɗa suna iya neman a mayar musu da abin da suka biya.