Tsiron da ke mutuwa a hunturu ya farka a bazara

A bakin hanyoyin karkara na Bulgeriya, Turkiyya da arewacin Iran akwai wani tsiro da ake gane shi da wari tun kafin a ga furensa. Masana tsirrai suna kiransa Sambucus ebulus. Dangin bishiyar elda ne, wadda Turawa ke yin abin sha da furenta, sai dai shi ba ya zama itace. Tsawonsa mita 1 zuwa 2 ne, kuma da sanyi ya kama sai karansa ya bushe ƙamas, ya bar saiwa a ƙasa tana jiran bazara.

Wannan saiwa ita ce abin da ke hana masu lambu barci. A ƙarƙashin ƙasa take yaɗo kamar aya-aya a fadama, a sare nan, ta ɓullo can. Wanda ya shuka shi don ado a gefen katanga, bayan 'yan shekaru sai ya tarar ya mamaye wurin kayan miya. Shi ya sa masu dabara ke killace shi a cikin babban tulu ko a lungun da aka kewaye.

Ado kuwa yana da shi. Tsakanin Yuli da Agusta yakan fitar da fararen furanni a dunƙule, faɗinsu ya kai tafin hannu, da ɗigo-ɗigon shunayya a tsakiya. Daga baya 'ya'ya su nuna, baƙaƙe masu sheƙi, ganyen kuma ya rine ja. Jan nan ne ya sa mutanen Ingila na dā suka riƙa cewa tsiron yana fitowa ne inda jinin mayaƙan Denmak ya zuba.

Tun ƙarni na 1 likitan Girka Diyoskoridis ya rubuta amfaninsa wajen wanke ciki. Har yau a Mazandaran da Gilan na arewacin Iran, bakin Tekun Kaspiyan, ana murza ɗanyen ganyensa a shafa inda ƙudan zuma ya yi harbi ko inda ciyawa mai ƙaiƙayi ta taɓa. A ƙauyukan Turkiyya ana ɗaura ganyen a gaɓar da ke fama da sanyin ƙashi. 'Yan Bulgeriya kuwa sukan jera nunannun 'ya'yan da sukari a kwalba, su ajiye ruwan don lokacin mura. Ruwan 'ya'yan ya yi aikin rini da tawada, warin ganyen kuma an daɗe ana korar ɓeraye da shi.

Amma fa tsiron na da dafi, kuma ba a wasa da shi. Masu bincike sun gano a cikinsa wani sinadari mai suna ebulin, wanda ke hana ƙwayoyin jiki sarrafa furotin. Ɗanyun 'ya'yan, musamman waɗanda ba su nuna ba, suna jawo amai da gudawa, saiwa da ganye ma ba abin ci ba ne. Yara ne suka fi shiga haɗari, domin 'ya'yan na daidai tsawon hannunsu.

Masu tsinka a daji sukan rikita shi da babbar elda. Abin dubawa shi ne nonon 'ya'yan: na bishiyar yana rinjaya ƙasa don nauyi, na wannan kuwa tsaye yake ƙyam, yana kallon sama.