Majami'ar Yahudawa: Wurin ibada, kotun fatake da asusun marasa ƙarfi

Duk wanda ya taɓa sauka a baƙon gari da kaya a ka, ko a Dantokpa ta Kwatano ko a Zangon Kumasi, ya san cewa abu na farko da yake nema shi ne maigidan da zai tsaya masa, da masallacin da zai ga 'yan'uwa. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu leƙa wata al'umma da ita ma fatauci ya warwatsa ta a duniya, wato Yahudawa, mu ga abin da mutum ke samu idan ya riƙe majami'ar unguwarsu. Mun san da an ambaci sunan, hankalin mai karatu zai tafi Falasɗinu da abin da ke faruwa a Gaza. Wannan magana ce mai zaman kanta, kuma ba ita ce a gabanmu yau ba. Mutanen da za mu kawo labarinsu sun rayu ne a tsakiyar Musulmi, wasunsu ma har gobe a nan suke.

A yarensu na Ibrananci suna kiran wurin Bet Keneset, ma'ana gidan taro. A al'adarsu ta gargajiya, akwai addu'o'in da ba a yin su sai maza baligai goma sun hallara. Cikinsu har da Kaddish, wadda ɗa ke yi bayan rasuwar mahaifinsa ko mahaifiyarsa tsawon wata 11. Ke nan komai dukiyar mutum, ranar da aka yi masa rasuwa yana buƙatar mutum tara, kuma ba a kasuwa ake sayo su ba. Wanda ya saba zuwa ya cika wa wasu goma, shi ake cika wa. Haka nan majami'a ke da ƙungiyar masu wankan gawa da binnewa, ita ke kai wa masu zaman makoki na kwana 7 abinci, a can yaro ke koyon karatun Attaura har ya tsaya gaban jama'a ya karanta idan ya cika shekara 13.

Amma inda labarin ya fi shafar ɗan kasuwa shi ne tsohon birnin Alƙahira. A majami'ar Ben Ezra da ke Fusɗaɗ akwai wani ɗaki da aka yi ɗaruruwan shekaru ana zuba tsofaffin takardu a ciki, domin ba sa yarda a yar da takarda mai sunan Allah, kamar dai yadda mu ma ba ma yi. A shekarar 1897 wani malami mai suna Solomon Schechter ya kwashe gutsattsari kusan 190,000 zuwa Jami'ar Kambirij ta Ingila. Da aka zauna karantawa sai aka tarar ba littattafan addini kaɗai ba ne. Akwai wasiƙun fatake, takardun bashi, na aure da na rabon gado, yawancinsu da Larabci amma da baƙaƙen Ibrananci.

Takardun sun nuna yadda falke zai tura kaya daga Ƙairawan ta Tunisiya zuwa Masar a hannun abokinsa, shi kuma ya sayar masa ba tare da lada ba, don ya san gobe shi ma za a yi masa. Wani mai suna Abraham Ben Yiju, mutumin Mahdiyya, ya yi shekara kusan 17 a Mangalore ta Indiya tun daga wajen 1132, yana aika barkono da ƙarfe zuwa Adan, ba banki ba waya, sai amana da wasiƙa. Idan rigima ta taso, kotun da ke zama a majami'a ce ke sauraron shaidu. Wanda ya ci amana, labarinsa na riga shi isa tashar gaba. Suna kuma da wakilin fatake wanda ke ajiye kayan baƙo, ya nemo masa mai saye, ya karɓo masa bashi. Duk wanda ya san aikin fatoma a cinikin goro da na shanu ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Talaka ma yana da rabonsa. An samu jerin sunayen zawarawa, marayu da baƙi da ake raba wa burodi ranakun Talata da Juma'a. Idan 'yan fashin teku suka kama mutum, majami'u ne ke haɗa kuɗin fansa, kuma farashin sananne ne: dinari 100 kan mutum uku.

To ina kuɗin ke fitowa? Ranar Asabar ba sa taɓa kuɗi, saboda haka babu zagayawa da faranti. A majami'u da yawa na Yahudawan ƙasashen Larabawa gwanjo ake yi: wa zai buɗe akwatin Attaura, wa za a fara kira ya tsaya wurin karatu. Mutum ya yi tayi da baki, ya biya bayan Asabar ta wuce. A Amurka kuwa kuɗin shekara iyali ke biya kamar na ƙungiya, abin da ya sa matasa da dama ke ƙorafin tsada. Binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na Yahudawan Amurka ke da mai rajista da majami'a a gidansu. A ganinmu tsarin gwanjon ya fi sauƙi ga marar hali, domin attajiri ne ke neman suna ya biya, talaka kuma ba a tambayarsa rasit a ƙofa.

Tarihin ya taɓo hanyar ayarinmu. A Tamantit da ke Tuwat, cikin Aljeriya ta yau, Yahudawa na cikin masu cinikin zinariya da ƙasashen Sudan. Wajen 1492 Shehu Magili, wanda ya zauna Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi fatawar a rushe majami'arsu. Alƙalin Tuwat, Al-Asnuni, ya saɓa masa, aka yi ta rubuce-rubuce tsakanin malamai, amma a ƙarshe aka rushe. Daga nan al'ummar ta watse, wasu aka kashe, wasu suka gudu, wasu suka musulunta.

Inda abin ya rage da ransa shi ne tsibirin Jarba a Tunisiya. Ƙasar da ke da Yahudawa kusan 100,000 a 1948, yanzu ba su wuce 1,500 ba, kuma mafi yawansu a Jarba suke, da dama maƙeran zinariya da azurfa ne a kasuwar Humt Suk, shago jikin shago da Musulmi. Tsohuwar majami'arsu ta Griba, wadda ake cire takalmi kafin a shiga, ta sha hari. A watan Afrilun 2002 an tayar da motar iskar gas a ƙofarta, mutane kusan 20 suka mutu, galibi Jamusawa 'yan yawon buɗe ido. A watan Mayun 2023 wani jami'in tsaro ya harbe mutum 5 lokacin ziyarar shekara, 2 masu ziyara, 3 abokan aikinsa. Duk da haka a unguwar Hara Kabira da akwai majami'u wajen goma da ake buɗewa, da makarantar yara, da mahaucin da ke yanka irin nasu. Ranar Juma'a da la'asar maƙeran sukan kulle shagunansu, ba sa sake buɗewa sai Asabar ta wuce.